Jan Tabo a Tafkin Ɗiyata

Ɗiyata ta kai shekara biyar ƙafarta ta hagu ba ta ɗaukarta. Likita ya ce a riƙa sa ta cikin ruwa tana motsa ƙafar, shi ya sa babanta ya kira wani magini daga Maiyama ya yi mana ɗan tafki na siminti a bayan gidanmu na Jega. Ruwan iya ƙirjinta yake. Wata biyu da farawa na ga yatsun ƙafar sun motsa da kansu. Wallahi sai da na zauna daɓas na yi kuka.

Ni ke wanke tafkin, har na san tabonsa kamar yadda na san tukwanena. Kore mai santsi gansakuka ce, buroshi ya ishe ta. Mai ruwan ƙasa kuwa ganyen darbejiya ne da ya kwana a ciki, ɗan bilic ke korar shi. Sai ga wani ja ya ɓullo a kusurwa. Na goga har hannuna ya yi kanta, na zuba bilic, ko gezau. Kullum ƙara ja yake yi.

Babanta ya leƙa ya ce, "Wanga ruwa ya ɓaci. Ba ni sa ɗiyata cikin abin da ban sani ba. Ran Jumma'a zan sa a cike shi da ƙasa."

Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, na ce, "Malam, ƙasar ce za ta koya mata tafiya?" Ya juya ya tafi abinsa, kuma in ya yi haka ya gama magana ke nan.

Na kira maginin a waya. Ya ce in rage ruwan, in matsa lemun tsami a wurin, in jan ya tashi to tsatsa ce. Na matsa, nan take wurin ya fara washewa. Tsatsa! Amma ko ƙusa babu a tafkin nan. Na tsuguna na ƙura wa tabon ido, sai na ga a lanƙwashe yake, sak lauje.

Lauje ɗaya ne a gidanmu, na marigayi surukina, wanda Inna, uwar mijina, ta taho da shi daga Kimba. Na faɗa ɗakinta raina a ɓace. Yana ƙarƙashin gado, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Haba Inna, mi ya kai lauje cikin ruwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ruwan da ya kwana a buɗe ba ya rasa masu shi, mutanen ɓoye, ɗiyata, kuma ƙarfe suke tsoro. Da magariba nake sa shi, in cire da asuba." Ta ɗago ta dube ni. "Ƙanena gulbi ya ci, yana ɗan yaro kamar ɗiyarki. Tun ranar ban sake taka ruwa ba. Ba ni da abin da zan tsare jikata da shi sai wanga."

Duk faɗan da na ɗauko ya bi iska, tausayinta ya kama ni. Na ce mata a hankali saboda tabon nan za a cike tafkin. Da bakinta ta gaya wa ɗanta gaskiya da yamma, ya fasa cike tafkin, ni kuma na ƙarar da kwano guda na lemu kafin simintin ya fito fes.

Washegari da hantsi na sa yarinyar a ruwa, sai ga Inna da 'yar kujerarta da carbi. Ta zauna a bakin tafkin ta ce, "Tunda an hana ƙarfe, ni zan tsaya."

Yarinyar ta ja gefen zanenta. "Kaka, sa ƙafarki mana, ko tsoro kike ji?"

"Ji ja'ira! Ni ce matsoraciya?"

Ta kama wuyan hannuna ta damƙe. Ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ta biyu, bakinta na motsi da addu'a. Ba ta fitar da su ba sai da jikarta ta gama.