Salansar da Na Bi da Ita ta Baya

Shekarun baya da yawa, tun Turawa na ƙasar nan, na dawo Rogo daga birni da akwatin ƙarafana da girman kai. Shekara bakwai na yi a ƙarƙashin motocin ɗaukar gyaɗa a Kano, ina kwancewa ina ɗaurawa, har na kai in ji kukan inji daga nesa in faɗi ciwonsa. Burina ɗaya ne, in kafa rumfar gyara a garinmu a san ni da ita. A lokacin duk motar da ta mutu tsakanin Rogo da Karaye sai an aika birni a ɗauko bakanike, a kwana uku ana jiransa. Ina tsammanin da na sauka za a yi layi a ƙofata. Wata huɗu na yi, abin da na gyara keke biyu ne da fitilar ƙwai ta limaminmu.

Ana nan sai wani attajirin gyaɗa ya aiko a kira ni. Aminin marigayi mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ya sayi wata matacciyar kitika, ƙaramar motar kaya mai bodin katako, a hannun wani Bature da zai koma gida, ya kuma sayi injin wata babbar mota da ta faɗa kwazazzabo. Mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa.

Ya ce, "Ɗana, so nake ka tayar mini da ita, amma ka sauke ta ƙasa. Na gaji da a riƙa turo ni ta baya kamar buhu duk sanda zan hau mota."

Na san wannan aikin ne zai ɗaga ni ko ya binne ni, don duk garin ido zai sa. Na nemo abokina maƙeri, wanda muka tashi tare, muka ja gawar motar zuwa gindin tsamiyar bayan maƙerarsa.

Sauke ta bai yi wuya ba. Mun zare ganyen ƙarfe biyu-biyu daga kowane sifirin da ke ɗauke da nauyinta, ta sauko kusan taƙi guda. Injin ne ya sha mini kai. Ya fi na asalin girma, in na ɗora shi inda tsohon yake, kaskon mansa zai zauna yatsa huɗu daga ƙasa, kuma hanyoyinmu duk da tudu a tsakiya, tayoyin manyan motoci sun haƙe gefe da gefe. Kwana uku ina zane a ƙasa da tsinke, ina awo da karan dawa, yara da manya na wucewa suna cewa ɗan birni ya fara duba. A ƙarshe na ja injin baya, na ɗaga shi bisa wasu ƙarafa da abokina ya ƙera, muka yanke bangon da ke gaban ƙafar direba, muka rage tsawon farfela, sandar da ke juya tayoyin baya. Ranar da ya zauna daram na zagaya motar ya fi sau goma ina yaba kaina.

Saura salansa, bututun da ke fitar da hayaƙi. Bakin hayaƙin injin a hagu yake, ɓangaren da mai mota ke zama, tunda sitiyari a dama yake. Ta dama ba hanya, tankin mai ya tare. Ta baya kuwa sai bututun ya ƙetare ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. In ya bi ta ƙarƙashinsa hanya za ta fige shi. In ya bi ta samansa, tsakaninsa da katakon bodi yatsa uku ne, kuma da an yi lodi ƙarfen zai taso ya manna bututun da katako. Hanya ɗaya ce mai lafiya, gajere, ya fito ta gefe a ƙarƙashin ƙofar hagu. Na ɗaura kara a wurin don abokina ya ga yadda zai lanƙwasa ƙarfe.

Rannan bayan la'asar Baba ya zo ganin aiki da jama'arsa. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya sa albarka. Ya ɗaga ƙafa ya shiga ba wanda ya tura shi, ya yi dariya har da tafa cinya. Da ya fito sai rigarsa ta kama karan nan.

"Wannan fa?"

"Nan hayaƙi zai fita, Baba."

"Nan?" Ya dube ni. "Inda mutane ke durƙusawa su gaishe ni? In tsaya a hanya, dattijo ya durƙusa, in busa masa hayaƙi a fuska? Me za a ce da ni a garin nan? Ta Baturen ai ta baya take fitarwa. Mayar da shi baya."

Jama'arsa suka ɗauka, gaskiya ne, Allah ya ƙara girma. Shi kuma ya sake dubana ya ce, "Ko akwai matsala, ɗana?"

Na duba fuskokin da ke wurin, kowa ya haife ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Baba."

Suna tafiya abokina ya jefar da guduma. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce mini za ta taɓa katako. Ka bi shi gida, ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa."

Na yi niyya. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta daina tankaɗe ta ce, "Mutumin da ya yi wa ubanka sutura ne za ka je ka koya wa magana? Ya faɗa a gaban mutane, ka amsa a gaban mutane. Ka yi masa yadda yake so." Duk da haka sau biyu ina zuwa zaurensa. Duka biyun na tarar da shi cike, na gaisa, aka miƙo mini goro, na tauna na dawo gida.

Sai na koma yaudarar kaina. Na bi da bututun ta saman ƙarfen, na buga guntun kwano a jikin katakon don ya tare zafi. Muka gwada mu huɗu har Ruwan Bago muka dawo lafiya. Na ce ai in mutum huɗu ne ba abin da zai faru, alhali na fi kowa sanin ba motar babban mutum da ke tafiya da mutum huɗu a ƙasar nan. Duk wanda ya gaishe shi a hanya yana tafiya a ƙasa, sai an ce ya hau.

Fitarta ta farko da Baba, bikin suna za mu a Kafin Dafga, ni ke tuƙi. Da hantsi aka ɗora rago a baya, aka zuba masa harawa, aka shimfiɗa tabarmi. Mun bar gari da mutum shida. Kafin mu yi nisa a ƙasar Karaye mun haura goma sha biyar, don kowane ɗan taƙi Baba sai ya ce, "Tsaya, ɗana, ga su malam can." Tun daga mutum na goma na fara jin ƙarar ƙarfe na dukan bututu a ƙarƙashinmu duk ramin da muka faɗa. Baba na gefena yana ba ni labarin mahaifina. Cewa kawai zan yi a sauke mutum biyar, ko mu tsaya ta huce. Na ƙara riƙe sitiyari na ci gaba da tuƙi.

Wata tsohuwa ce a baya ta fara cewa tana jin ƙauri. Kafin in taka birki harawar ta kama. Mutane suka yi ta dirowa, wani ya yanke igiyar ragon ya shiga gonar mutane a guje. Ba ruwa a kusa, muka yi ta watsa ƙasa da hannu, amma busasshen katako ne ga tankin mai. Wani dattijo manomi da muka ɗauka a hanya, wutar ta kama masa wando ta cinye masa ƙwauri. Har ya bar duniya da sanda yake tafiya. Muka ja baya muka tsaya muna kallon aikin wata biyu yana ci.

Baba bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya juya wajen mutane ya ce, "Ku shaida ne, na tambaye shi ko akwai matsala, ya ce babu. Amma na yafe masa, ɗan aminina ne." Aka yi ta yaba haƙurinsa.

Daga ranar ko keke ba a sake kawo mini ba. In na shiga kasuwa sai in ji ana cewa ga mai toya mota nan, a tashi da kaya. Bakanike ya ci gaba da zuwa daga birni, wani lokaci ma wanda na koya wa riƙe sifana. Na tura akwatin ƙarafana ƙarƙashin gado na ɗauki fartanya. Abokina kuwa, da ya san yadda aka yi, bai buɗe baki ya faɗa wa kowa ba, na yi shekaru ina gaishe shi sama-sama a kan haka. Da kaka ta zagayo Baba ya sayo wata motar daga Kano, salansarta ta gefe take fitowa, dab da ƙofarsa. Na sha ganin dattawa sun durƙusa a cikin hayaƙinta suna Allah ya ja zamani, ba wanda ya ko yi tari.

Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Da ya kwanta ciwon ajali na je dubiya, na same shi shi kaɗai a ɗaki, karo na farko a rayuwata. Bayan mun gaisa, shi ya ɗauko zancen.

"Ɗana, motar nan, ka san za ta ƙone?"

"Na sani, Baba."

Ya ɗaga ido yana kallon rufi. Can ya ce, "To ni me na sani a kan mota? Ai don ka sani na kira ka. Da ka faɗa mini da na ji."

Wannan maganar ta fi wutar ƙona ni. Kafin ranar ina da wanda zan ɗora wa laifi, in kwanta da haushinsa in tashi da shi, kuma haushin yana ɗan rage mini nauyi. Ya karɓe shi ya tafi. An koya mana kada mu yi musu da babba, ban kuma ce koyarwar banza ba ce, amma ba wanda ya taɓa faɗa mini abin da zan yi ran da babban ya dogara da sanina. Har yau ban tabbata da na yi magana zai ji ba, wataƙila tsufa da ciwo ne suka sa shi faɗar haka. Abin da na tabbata shi ne, a cikin duk mutanen da ke gindin tsamiyar nan ni kaɗai na san katakon zai kama, an kuma tambaye ni, na ce babu.