Motar da Ta Ƙi Ni a Rairayin Matankari

Na sha wuya a kan motar nan, kuma ba wanda ya aike ni.

Mu biyu Inna ta haifa maza, ni da ƙanena. Na girme shi da shekara tara. Ni wake da gero nake sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi. Shi kuwa ya daɗe yana tuƙa masu gina rijiyoyi cikin ƙauyuka, har ya sayi tsohuwar a-kori-kura fara, mai doguwar ƙafa. Tun da ya saye ta, duk inda Inna za ta, biki ko gaisuwar mutuwa, shi ke kai ta. In ta dawo ta zauna tsakar gida tana sa masa albarka. Ni da nake auna mata hatsin da take ci tun rasuwar Baba ina zaune ina ji. Buhu ba ya ƙara a ƙofar gida, mota ke ƙara.

Akwai wani alhaji a unguwarmu mai wata jar mota ta Amurka, tsohuwa, wadda ɗansa ya shigo da ita ta Kwatano ya gaji da ita. Ƙofa biyu, hanci dogo kamar jirgin ruwa, silinda takwas. Ranar da anka tada ta kaji sunka watse, ni kuwa a ƙirji na fara jin ƙarar kafin kunne. Na ce a ba ni in gwada. Na hau kwaltar Doso na taka. Wata tirela na wuce ta kamar ajiye ta anka yi. Sitiyarin na rawa kaɗan, birki sai an taka sau biyu, isansi kuwa, wato fetur, tana shansa kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba. Duk na gani. Na ce ai ingarma da ci anka san shi.

Ƙanena ya zo kallo. Bai ko saurari injin ba. Durƙusawa ya yi, ya sa hannu ƙarƙashinta ya auna.

"Yaya, taƙi guda ne tsakaninta da ƙasa. Wagga motar kwalta ce."

"Kai dai ka ce ta hi taka kyau."

"Ta hi ta kyau, nesa ma. Amma danginmu ba bisa kwalta suke ba."

Na ɗauka hassada ce, kuma ta yi mini daɗi. Ran nan na saye ta.

Bayan kaka anka yi wa jikan kawunmu haihuwa a garin su Inna, gaba da Matankari, wajen Lugu. Tun kwana uku kafin suna na ce ni zan kai Inna. Da na buɗe mata ƙofa ta leƙa ciki ta ce, "Wanga zama ake ko kwance?" Da ƙyar gwiwoyinta sunka yarda. Har Matankari ba abin da ya taɓa mu. Na wuce amalanke, na wuce babura, na wuce motar haya cike da 'yan kasuwa. Inna ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati, ni ina jin kamar yabo ne.

Muna barin jar hanya munka faɗa rairayi. Motar ta fara nauyi, na taka. Ta ƙara nauyi, na ƙara takawa. Ƙarfi ai shi na saya. Tayoyin baya sunka haƙa rami, cikinta ya zauna daram kamar kaza bisa ƙwai. Wasu manoma sunka zo munka cusa kara, munka tura, na sake takawa, ta watsa musu ƙasa a baki ta ƙara nutsewa. Inna ta fito da rarrafe ta zauna gindin gawo.

Can sai ga farar a-kori-kura, ƙanena na tuƙi, matan gidanmu da ragon suna a baya. Da dariya ya yi da na samu abin faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Sannu Yaya." Ya ɗauki tsinken ashana ya bi tayoyin nan huɗu yana sace musu iska har sunka yi kumatu. Ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, ya miƙo hannu.

"Ba ni makulli."

Ya sa giya ta biyu, ya ɗora ƙafa kamar mai taka ƙaya. Motar ta yi gurnani, ta ɗago, ta fita. Ya zagaya da ita cikin wata gona, tana tafiya sumul tana wani irin kuka mai daɗi da ba ta taɓa yi mini ba. Ya dawo ya tsaya inda ƙasa ke da tauri.

Inna ta ce, "Bar shi ya ja ta. Ni rana ta ishe ni."

Haka ta shiga garinsu cikin motata, ƙanena a sitiyari. Ni ina biye ina jan a-kori-kura, da mata, da rago. Kafin in iso anka rangaɗa guɗa. Na tarar Kawu ya riƙe hannun ƙanena yana cewa Allah ya tsare, an ƙara mota ta biyu. Shi kuwa ya faɗa musu ta Yaya ce, na ji shi da kunnena, har sau biyu. Sunka ce halinsa ke nan, kunya gare shi. Inna kuma ta ce da ba don wanga yaro ba da mun wuni daji. Naman sunan nan kamar dusa nake taunawa.

Bayan la'asar ƙanena ya same ni jikin motar. Ya shafa hancinta ya ce, "Yaya, ban taɓa jin inji kamar wanga ba. Ƙarhi ne ya yi mata yawa, sai an lallashe ta." Da gaske yake, idonsa har ƙyalli. Na ce ya ɗauke hannunsa, fenti ne.

A can munka kwana. Ana sallame asuba na tada ta na nufi rairayin bayan gari ni kaɗai. Na kafe, na tona da hannu. Na sake kafewa, na sake tonawa, farcena har jini. A na uku na hana ƙafata abin da take so, motar ta haye. Na maimaita sai da na tabbata.

Na dawo na tsaya ƙofar gidan da Inna ta kwana, daidai gaban a-kori-kura yadda ba ta da hanyar fita. Na aro matashi biyu na ɗora bisa kujera don gwiwoyinta, na buɗe ƙofa na jira. Da ta fito ta dubi motar, ta dubi hannuna.

"In ta kahe ka bar ƙanenka ya ja."

Na ce to.

Ta shiga. Na sa giya ta biyu. Silinda takwas, amma tafiyar jaki na yi da ita har Matankari, ban kafe ba. Ƙanena yana biye da mu, ban ko dubi madubi ba.