Duwatsun da Baba Ya Ce Sun Mutu

A gidanmu na Dogon Dutsi akwai ɗakin da ba a kwana a ciki, ba a kuma ajiye hatsi. Jirgin ƙasa ne ke zaune a can. Ƙarami ne, kansa bai wuce tsawon tafin hannuna ba, yana jan taragu biyar a kan teburin da Baba ya haɗa da tsofaffin ƙofofi biyu. Baba ya yi shekara da shekaru yana gyaran wutar lantarki da injin ruwa a mishan, kuma wani fada, limamin coci, da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa jirgin cikin akwati. Bai taɓa hawa jirgin gaske ba. Duk da haka ya gina tasha da kwali, ya kwaɓa laka ya yi dutsen garinmu a tsakiyar tebur, ya huda shi jirgi na bi ta ciki.

Da yayana ya samu aiki a ƙasar waje, sai ya aiko masa da abin tuƙi marar waya. Ɗan akwati ne da ake riƙewa a hannu, da maɓalli mai juyawa: ka murɗa dama jirgi ya ƙara gudu, ka murɗa hagu ya rage har ya tsaya. Yana magana ta iska da wani akwatin da ke manne da dogo. Baba ya sa masa suna linzami. Batura biyu yake ci, irin na tocila, waɗanda yaran yanzu ke kira pil. Baba da tsaransa kuwa duwatsu suke ce musu, ni ma a haka na tashi ina ji.

Abu ɗaya Baba ya ja mini kunne a kai tun ranar farko. In duwatsu suka mutu jirgi yana cikin tafiya, ba tsayawa zai yi ba. Umarnin ƙarshe da ya ji shi zai riƙe, ya yi ta gudu ba mai iko da shi.

Wata bazara na taso daga lekol, makarantar da nake koyarwa, ina shiga zaure na ji ƙarar faɗuwar abu. Na tarar da kan jirgin a ƙasa, taragu sun watse, Baba na tsaye da linzami a hannu yana kallonsa kamar baƙon da ya yi masa sallama.

“Duwatsun ga sun mutu,” in ji shi.

Na sayo sababbi, na sa, na gwada. Jirgi ya tafi, ya tsaya daidai bakin tashar kwali. Bayan kwana uku ya sake faɗowa, a kwanar nan dai ta bayan dutsen laka.

Ni mace ce mai taurin kai, kuma a wurin Baba na gado shi. Na ce sai na ga bayan wannan matsala. Na buɗe linzamin na ga wani farin gari ya kama ƙarfen da duwatsu ke zama a kai, na goge shi da ruwan lemon tsami da tsinke har ya yi ƙyalli. Murfin na ɗan motsi, na ɗaure shi da roba. Na ce ƙila ƙofar ƙarfe ce ke tare maganar, na ɗauke akwatin dogo na mayar da shi gefen taga. Na hana kowa shiga ɗakin da waya a aljihu. Na je kasuwa na yi wa mai teburin da ke sayar mini da duwatsu faɗan da bai ji ba bai gani ba, na ce rana ta gama dafa kayansa kafin ya sayar. Duk gyaran da na yi sai in fito ina murna, in ce yau kam na kama ɓarawon. A hannuna jirgi na jin magana. In na tafi aiki na dawo, sai in tarar da shi a ƙasa.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne faifan da na gani a kan katanga. Baba ya jera duwatsun da ya ce sun mutu, ya shanya su a rana wai su farfaɗo. Mutane na yin haka da na rediyo, amma shi tun ina yarinya yake musu dariya, yana cewa dutse ba kuɓewa ba ne. Na tsaya ina kallon faifan. Sai na kwashe su na zuba a wani tsohon kwano. Kafin damina ta sauka kwanon ya kusa cika.

A cikin kwanakin ne Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a Lugu, ta sa aka kira mata ni a waya. Ta tambayi lafiyar ƙanenta. Na ce lafiya lau, sai dai maganar dutse ce ta hana shi sakat, ya kwana dutse ya tashi dutse. Sai ta kashe wayar. Bayan kwana biyu sai ga ta a ƙofar gida da ƙullin kayanta, ta sha hanya, rabi a amalanke rabi a mota.

A can wajensu akwai dutsen da ake zuwa a tambaya in magana ta shige duhu. Baba ya bar wannan hanya tun yana saurayi, ya bi coci. Da Gwaggo ta ji na ce dutse, ta ɗauka na gida ne ke kiran ƙanenta. Na nuna mata kwanon, na ce ga duwatsun da nake nufi. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce to wannan me zai iya faɗa wa mutum. Muka yi dariya har da hawaye, kuma rabon da in yi dariya an jima.

Da la'asar Baba ya ce ta zo ta ga jirginsa. Ta zauna a kujera ’yar tsugune a bakin ƙofa. Jirgi ya tashi lafiya, ya zagaya sau biyu, ya shige cikin dutsen laka ya fito. Ni idona na kan dogo, kamar kullum. Gwaggo kuwa ko sau ɗaya ba ta dubi jirgin ba, hannun Baba take kallo. Sai gudu ya ƙaru, ya ƙaru, na tare kan jirgin da tafina kafin ya kai ƙasa.

Ta ja ni madafa.

“Ɗiyata, ke ƙarhe kike kallo,” ta ce. “Da ya so shi tsai da shi, wane gehe ya murɗa?”

Na ce ban lura ba.

“Haka babanmu ya hwara. Ya tahi noma da hauya, shina sare hatsi shina barin haki. Da munka yi magana ya ce hauyar ce ta karkace. Hauya ukku munka sake mishi. Bayan nan ya hita neman akuya, kwana biyu ana bidar shi cikin daji.”

Na ce mata Baba ba haka yake ba, na’ura ce, kuma na’ura takan ɓaci. 

“Ran kasuwa zan koma,” in ji ta. “In ƙarhen ne, ki gyara. In shi ne, ki ba ni ƙanena. Ke kina lekol wuni guda, garin ga kuwa motoci ne ko’ina. Can kowa ya san shi, ko ya hita za a maido shi.”

Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Lugu ba wuta. In Baba ya tafi, ya rabu da teburin nan ke nan, kuma ban san abin da zai rage masa ba.

Ana jajibirin kasuwa, da hantsi, na ɗauko ma’aunin Baba mai allura, wanda ya yi aikin mishan da shi. Waya biyu gare shi, ja da baƙa. In ka ɗora su a kan dutse mai rai allura ta tashi zuwa dama, in matacce ne ta kwanta. Na zauna a ƙasan ɗakin jirgi da kwanon a gabana. Ina so in samu matacce ko guda ɗaya in kai wa Gwaggo. Na auna na farko, allura ta tashi. Na biyu ma haka. Na ci gaba, ina ajiye masu rai a gefe, tarin na girma, har yatsuna suka taɓa gindin kwano. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban ji shigowarsa ba. Da na ɗaga kai yana tsaye a kaina, ya riga ya ta da jirgi, yana zagaye a hankali.

“Mi kinka gani?” ya ce.

“Duwatsun ne, Baba. Duk sun mutu. Gobe zan sayo masu kyau.”

Ya dubi tarin, ya dubi ma’aunin da ke cinyata. Dutsen ƙarshe na nan tsakanin wayoyin biyu, allura na tsaye a dama, ban ma tuna in janye hannuna ba.

“Ni na koya miki karatun allurar ga,” ya ce.

Na kasa kallonsa. Gwaggo na tsakar gida tana ɗaure kayanta, ina jin motsinta. Jirgi ya shige dutsen laka ya fito, ya wuce tasha, ya sake zagayowa. Baba ya daɗe yana kallon maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsansa, bai murɗa ko’ina ba. Sai ya miƙo mini linzamin da hannu biyu.

“Tsai da shi, ɗiyata,” ya ce. “Tun bara nike mance gehen. Ki ce ma Gwaggonki ta jira ni.”