Rigar Tsohon Gola

Mu uku ne muke jiran mutum ɗaya ya gaji, shi kuwa ba shi da niyya.

A shekarun da nake magana garinmu bai rabu da sunansa ba tukuna, Abuja ake ce masa, ba a kai ga Suleja ba. Ƙungiyar ƙwallon garin gola ɗaya gare ta, wani magidanci mai aikin duba-gari, wanda tun ina firamare nake ganinsa tsakanin sandunan nan biyu. Da safe ya bi gidaje yana leƙa randunan mata, da la'asar ya zo fili ya ɗaure gwiwarsa ta hagu da tsumma ya tsaya. Baba muke ce masa. In wani ya yi masa maganar hutu sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya tofa yawu a tafin hannunsa ya juya baya.

Sandunan na gora ne, an ɗaura igiya daga sama. Raga kuwa babu, mu ne ragar. Duk saurayin da yake sha'awar zama gola wata rana, wurinsa bayan sanduna, ya tare duk ƙwallon da ta wuce Baba kafin ta gangara lambun wani tsoho mai rake, wanda ba ya mayar da ƙwallo sai an haɗa shi da girman Allah. A nan muke motsa jiki, mu jefa wa juna, mu faɗi a kan tsakuwa mu tashi, kowa yana satar kallon gwiwar Baba. Ba wanda yake yi masa fatan sharri. Muna dai kallo.

Ni ɗan koyon ɗinki ne a unguwar Wambai, kuma gajere. Ƙwallon ƙasa ba ta wuce ni, ta sama kuwa sai dai in raka ta da ido. Na biyunmu ɗan mahauci ne, maƙwabcinmu, tare muka yi makarantar allo. Shi hannunsa kadaran-kadahan ne, baki ne jarinsa. Kafin ƙwallo ta gama wuce shi ya riga ya ɗaga hannu yana rantsuwa ta saman igiya ta bi, da yake kuma babu raga da za ta ƙaryata shi, yakan yi musu har alƙalin wasa ya fara shakkar idonsa. Na sha ganin an ci shi tsakiyar sanduna an koma ana ba shi haƙuri.

Na ukunmu daga wani ƙauye yake zuwa, can bayan Sabon Wuse, a kan keken babansa. Dogo ne, hannuwansa har sun yi masa yawa, in yana tsaye bai san inda zai ajiye su ba sai ya kai su baya ya haɗe. Amma in ƙwallo ta taso, sai ka ga amfaninsu. Ba ya ihu, ba ya birgima don 'yan kallo, sai dai ka ga ƙwallo a ƙirjinsa kamar dama can take. Shi ne golan gaske, ni na sani, ɗan mahaucin ma ya sani, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Abin da yake ba ni haushi da dogon nan shi ne tarbiyyarsa. In muka tashi daga fili nakan ja shi gidanmu ya sha ruwa kafin ya kama hanya. Innata ta kawo tuwo, ya tsuguna ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Mutumin da ya tuƙo keke tun azahar, ya yi ta faɗuwa a tsakuwa har yamma. Ta ce ya daure ya taɓa, ya ce wallahi ya ci kafin ya taso. Sai ta ɓata rai ta ce to ko ƙyamar abincin birni yake yi, sannan ya wanke hannu. Kafin nan miya ta huce, ni kuma ba halin in fara. Innata tana sonsa saboda wannan, takan ce min in kalli ɗan mutane. Ina kallonsa, da yunwa.

Rigar gola ɗaya ce tak a ƙungiyar, wata ruwan ɗorawa mai dogon hannu, mai kaurin bargo. Na san ta ciki da bai, domin ni nake yi mata faci a keken maigidana. Wanki kuwa Baba bai yarda da shi ba sai an yi rashin nasara, kuma shekarar muna ci sosai. Gwano ba ya jin warin jikinsa, mu da muke bayansa mu muke ji. Amma da za a ce wa ɗayanmu ya kwana da ita a hanci, da ya kwana. Al'adar ƙungiyar ita ce koci ba ya zaɓar gola. Ranar da mai riga ya ga ya isa, shi zai tuɓe ta ya miƙa wa wanda ya ga dama a gaban jama'a, wanda ta shiga wuyansa shi ne magaji, ba a kuma karɓa a mayar. Haka Baba ya same ta daga wani direban hukuma, shi ma daga wani ya samu.

Ana nan sai maganar sabon babban birni ta taso, manyan motoci suka fara cika gari. Wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani a bayan gari, manajansu mai son ƙwallo ne, ya ce zai ɗauki ƙungiyarmu ta zama ta kamfani. Kowane ɗan wasa za a ba shi ɗan aiki a sito ko a gareji, da takalmi, da yamma ya zo fili. Gola biyu kawai zai ɗauka, Baba da magajinsa. Koci ya ce shi ba ruwansa, a tambayi mai riga. Mai riga ya ce in lokaci ya yi za a gani.

Ni ina da keken ɗinki da zan koma wa, ɗan mahaucin yana da rumfar babansa. Dogon ne ba shi da wurin tsayawa. Babansa ya gaya masa tun da aka gama girbi cewa rani nasa ne, ya je ya yi wasansa, amma ranar da ruwan fari ya sauka, ko dai yana da aiki a hannu, ko ya dawo da keke ya ɗauki fartanya, maganar ƙwallo ta mutu. Shi ne babban ɗa namiji a gidan. Ya gaya min wannan a hankali, yana gyaran sarƙar keke, ko kallona bai yi ba. Lokacin mangwaro ya riga ya nuna, da yamma gabas takan yi ɗan duhu ta washe.

Mun ga alama, ai. Baba bai taɓa koya wa kowa komai ba, a ganinsa wanda ya iya ya iya. Amma ran nan muna atisaye sai ya waiwayo ya ce wa dogon, "Yaro, in za a buga kwana kada ka manne da sanda, matso taku ɗaya." Ya juya abinsa. Ni da ɗan mahaucin muka kalli juna. A wurin Baba wannan huɗuba ce guda.

Ranar da za a gabatar da ƙungiyar ga kamfani aka gayyato wasu daga Minna. Manaja ya sa an kafa sandunan ƙarfe, aka ɗaura raga fara sol, aka kawo benci. Ran nan ne karo na farko da muka zauna, mu ukun, muna kallon igiyoyi suna yin aikinmu. Garin ya taru, har da masu kalangu. Alƙalin wasan wani ɗan kudu ne ma'aikacin gidan waya, mai agogo a kowane hannu, ba ya jin Hausa sai ta cefane.

An dawo daga hutun rabin lokaci ba a daɗe ba, wani ƙaton ɗan gaba na Minna ya taho da ƙwallo, Baba ya fito, suka haɗu. Ƙwallo ta yi waje, ƙaton ya tashi, Baba bai tashi ba. Muka ruga da butar ruwa. Mun same shi zaune, gwiwar nan ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba, gumi yana zuba. Bai yi ko nishi ba. Ya kalli ƙafar, ya kalli ragar, ya kama rigar ta ƙeya ya zare ta. Filin ya yi tsit, har masu kalangu. Ya miƙa wa dogon ya ce, "Ungo, ɗana."

Dogon ya tsuguna. Ya sunkuyar da kai, ya kai hannuwan nan baya ya haɗe, ya ce, "A'a Baba, Allah ya ba ka lafiya. Ai kai ne da ita. Tashi za ka yi."

Ina tsaye a bayansa, na ji kamar in kai masa duka. Amma na san abin da yake yi, Baba ma ya sani, duk Bahaushen da yake wurin ya sani. Babba ya miƙo maka gadonsa yana zaune a ƙasa cikin ciwo, ba ka sa hannu ka karɓe kamar dama jira kake. Za ka ƙi, ya sake, ya haɗa ka da Allah, sannan ka karɓa da hannu biyu. Na ga Baba ya buɗe baki zai sake.

Daidai nan wasu masu taimako suka kama ƙafar za su ɗaga shi. Zafin ya doke shi, ya runtse ido, ya cije leɓe, hannun da yake riƙe da rigar ya karkata gefe, yana nan a miƙe. Alƙalin wasa yana ta hura usur a kanmu, yana nuna agogo, yana faɗa da Turancin Buroka wai ko a ba shi gola yanzu ko ya ci gaba da wasa ba gola. A gefen da hannun ya karkata ɗan mahaucin ne tsaye.

Tsakani da Allah bai fizga ba. Rigar ta taɓa cikinsa, ya karɓa. A rumfar babansa in aka miƙo maka abu karɓa ake yi, a yi magana daga baya. Ko da Baba ya buɗe ido, rigar tana gudu zuwa raga.

Sabuwar ragar nan ta sha aiki ran nan. Sau uku ɗan mahaucin yana ɗaga hannu zai rantse, ya waiwaya ya ga ƙwallo kwance a bayansa, ya sauke hannun. Dogon yana kusa da ni a benci, ya bi wasan da ido har ƙarshe, in aka taho da ƙwallo sai in ga kafaɗarsa ta motsa.

Da aka tashi na je wurin Baba, an kwantar da shi a gindin mangwaro ana jiran maɗori. Na ce, "Baba, kowa ya ga wanda ka miƙa wa. Ka faɗa wa manaja mana." Ya ce, "Ta shiga wuyan wani a gaban jama'a. In na tuɓe masa, da wane ido zan kalli ubansa a kasuwa? Ba a taɓa yi ba." Na ce ai ba a taɓa ba wa wanda ba a yi niyya ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Da na waiwaya na ga ya rufe fuskarsa da hularsa.

Na raka dogon har bakin hanyar Kaduna, yana tura keke, ni ina faɗa. Ban bar masa komai ba. Na ce kunyarsa ta cuce shi, ta cuci garin, ta sa an ci mu ƙwallo uku. Na ce wannan fili ne, ba tuwon innata ba, nan ba a yi wa mutum tayi har ya gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na fi jin zafin abin fiye da a ce ni aka hana. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Na ɗauka zai sake miƙowa."

Na ce, "Da ƙafa a karye?"

Ya ce, "To in karɓa yana ƙasa? Gobe a ce a ƙauyenmu ɗan wane ya ga babba ya faɗi ya tuɓe masa riga?" Sannan ya ce, "Na fa riga na saki hannuna daga baya. Ina ɗago kai na ga ba ta nan."

Wata babbar motar kamfanin ta wuce mu ɗauke da tsakuwa, muka matsa gefe. Na ce ya bari gobe mu je wurin manaja da kanmu, ya gwada shi ko da bugu goma ne. Ya girgiza kai, ya ce ba zai je neman abin da ke wuyan abokinsa ba, kuma gobe akwai sharar gona, gara ya fara tun ba a kira shi ba.

Ya riƙe kan keken, ya sa ƙafa a feda, ya sauke. Ya ce, "Kai da kake ɗinki, rigar ta yi masa daidai kuwa?"

Na ce ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa.

Ya ce, "Sai ka rage masa. Ni da ma da ta yi min gajarta a hannu."

Muka yi musabaha, ya ce in gaida Inna. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwanar da ta nufi Sabon Wuse. Bai hau keken ba, tura shi yake yi.