Shingen da Ke Sama

Tun safe Gabdo mai shayi a Sabon Layi, kusa da iyakar Kamaru, yake satar kallon baƙon nan. Dogo ne mai furfura, ya danne taswira da kofin shayi, yana jan layi zuwa Garwa, yana gogewa, yana duba waya. Wai ƙaramin jirgin samansa zai tuƙa ya je ya ga mahaifiyarsa da ke kwance, amma izinin shiga Kamaru ya ƙi fitowa.

Abin ya ɗaure wa Gabdo kai. Shi kam a babur yake ƙetarawa, gaisuwa kawai yake yi a shinge.

"Alhaji, wai a sama ma akwai shinge?"

Baƙon ya daɗe yana duban duwatsun gabas.

"Akwai, Malam. Sai dai babu wanda za ka gaisar."