Gudun Fibi a Gadar Jimeta

Fibi Joel ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Vinikilang. Tana da shekara arba'in da ɗaya likita ya ce hawan jini ya kama ta, sai ta fara gudu da sassafe. Ran farko ko ƙarshen layinsu ba ta kai ba ta zauna tana haki. Maƙwabta suka yi ta dariya. Bayan shekara shida, takan tsallake gada ta shiga Jimeta ta dawo ba ta tsaya ba.

Wata Talata cikin damina aka kawo Bobboyi, wani manomi, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Dasashinsa har ya fara jini, ga allurar dafin maciji ta ƙare musu. Fibi ta kira Eugene mai kemis a unguwar Demsawo, cikin Jimeta. Ya ce yana da ita, amma tankar mai ta faɗi a bakin gada, fetur na malala, an hana kowane inji motsi. Motoci sun cushe ta kowane ɓangare, shi Eugene kuma ƙafarsa ba lafiya.

Ruƙayyatu, matar Bobboyi, ta riƙe mata hannu. "Adda Fibi, zai kai?"

"Kar ki bari ya motsa ƙafar. Ina zuwa."

Kilomita bakwai ne zuwa, bakwai dawowa. Da ta fita, zuciyarta na ingiza ta ta zuba iya ƙarfinta. Ta ƙi. Ta san wanda ya ƙone kansa a tafiya ba zai iya dawowa ba. Ta riƙe takunta na kullum, tana ƙirga numfashi, tana jin haushin kowane minti.

A gada wani soja ya tare ta. Ta nuna masa katin aiki, ya dube ta jim, ya matsa. Warin fetur ya cika mata ƙirji, kogin Binuwai na tafe ja wur a ƙarƙashinta.

Eugene na tsaye bakin shago da kwalabe huɗu cikin kula mai ƙanƙara. Ta karɓi kular, ta kurɓi ruwa ta juya.

A dawowa rana ta take. Tsakiyar gada jijiyar ƙaurinta ta ɗaure, har ta dafa ƙarfe. Wayarta ta yi ta ruri a aljihu. Ba ta ɗauka ba, don tana tsoron abin da za ta ji. Ta rage taku, ta ci gaba tana ɗingishi har jijiyar ta saki.

Ta iske Bobboyi yana aman jini, amma da ransa. Ta miƙa wa abokiyar aikinta Kezia kular, ita kuma ta ɗaura masa ƙarin ruwa da allurar.

Jinin bai tsaya ba sai bayan la'asar. Ya yi kwana tara a kwance, ya rasa yatsa ɗaya. Ita kuwa Fibi farcen ƙafarta biyu suka fita, ta yi mako tana zuwa aiki da silifas.