Shekarar da Babana Ya Yi Gwamnan Tsibiri

Shekaranjiya jikata ta dawo daga kasuwa da ɗaurin albasa mai lawashi, ko wanke ta ba a yi ba. Ina kwance ɗaurin sai warin laka ya buge ni, baƙar lakar kogi mai ɗan ƙarni, na zauna da wuƙa a hannu na kasa yanka komai. Ku da kuka tashi a nan Umbadda, inda ruwa sai wanda jaki ya jawo a ganga, ba lalle ku san warin nan ba. Mu a cikinsa muka girma, a wata unguwa ta bakin Farin Nilu, gefen Umdurman, ba da daɗewa ba bayan Turawa sun tattara sun tafi.

Gaban unguwarmu akwai tsibiri, amma ba kullum ba. Da damina kogi ya shanye shi ɗungurungum, idan ruwa ya ja baya sai ya fito yana ƙyalli kamar bayan bajimin da aka wanke. Mutanenmu, jikokin alhazan da hanya ta ajiye da waɗanda suka gaji da tsinkar auduga a Jazira, su suke noma shi: albasa, tumatir, kuɓewa, kankana. Da shi muke ci, da shi ake aurar da 'ya'ya. Matsalar ita ce tsibirin ba ya dawowa yadda ya tafi. Bana ya yi ƙiba ta gabas, baɗi ya rame ta can ya kumbura ta yamma, inda ka bar laka ka dawo ka tarar da yashi. Don haka kowace shekara sai an sake rabo, kuma mai rabon shi ake kira gwamna. Da wasa aka fara kiran, don tsokanar manyan da ke zaune a Khartum, har ya bi bakin kowa.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ce ma'ajiyar tarihin gwamnonin nan, kuma ban taɓa jin ta yabi ko ɗaya ba. Tana tuƙa kullun kisra, siririyar gurasar dawa ta ƙasar nan, tana jero mana su. Na farko, in ji ta, da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja, ya saba auna tafiya da taki, sai ya riƙa auna gonaki da taki, amma in ya zo kan gonar surukinsa ƙafarsa kan ƙara tsawo. Wanda ya biyo shi kurma ne, ko kuwa kurumtar tana zuwa ne ranar ƙorafi. Akwai wani malami da ya riƙe shekara guda ya rantse ba zai ƙara ba, shi kam ta ce wayo ne ya yi masa yawa. Saboda irin waɗannan ne dattawa suka kafa doka: gwamna shekara ɗaya yake yi, shi zai yanka gonaki, amma sai kowa ya zaɓa sannan ya ɗauki abin da ya rage. Tun daga nan sarautar ta zama kaya, ana ganin ruwa ya fara ja sai maza su fara ciwon baya.

A shekarar da nake ba ku labari, kayan ya faɗo kan babana. Mutum ne marar yawan magana, ya ɗan yi aiki a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, Larabci ya zauna a bakinsa fiye da na sa'o'insa. Da farko mun yi ta yi masa dariya, ƙannena suna sara masa in ya shigo gida. Dariyar ba ta daɗe ba.

Tun ruwa bai gama ja ba, wani afandi, ma'aikacin hukuma mai wando da takalmi sau-ciki, ya fara zuwa bakin kogi, ya tsaya yana kallon tsibirin, ya tambaya wane ne babba a nan. Aka nuna masa babana. Bayan haka babana ya fara ƙetarawa Khartum ba ranar kai kaya ba. Wani mai kwalekwale ya ce ya gan shi kusa da kasuwar Suk al-Arabi yana shan shayi da afandin, tare da wani attajiri mai murhun gasa jan bulo. Kowa ya san abin da masu bulo suke nema a bakin kogi, laka ce, irin wadda albasa ke so. Rannan kuma sai ga babana ya dawo da sabuwar jallabiya fara sol da rawani, alhali ba salla ba, ba biki ba.

Kakata ta kama bakin rigar ta murza tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa.

"Wa ya ba ka?"

"Hukuma ce, Inna. Sun ce shugaban manoma bai kamata ya shiga ofis da tsumma ba."

"Hukumar da ba ta san sunanmu ba sai Fallata, sunan da suke kiran duk ɗan yamma, yau ita ke yi maka ɗinki? Ruwa ba ya tsami banza, ya waladi, ɗana."

Ya ninke rigar ya sa ƙarƙashin katifa. Ni kuwa a ranar wani abu ya shige ni wanda har yau bai fita ba. Na fara lura da ubana kamar yadda ake lura da baƙo: lokacin da ya fita, da wa ya tsaya, me ya sa ya rage cin abinci. In mun je wanki bakin ruwa da mahaifiyata, mata na ganinmu sai hira ta koma kan tsadar sukari. A masallaci, in ji ƙanena, sahun da babana ya tsaya yakan yi masa faɗi, don mutane na janye jiki. Liman ya yi wa'azi cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kowa ya gyaɗa kai, aka fito aka ci gaba da zato.

Ranar rabo duk unguwa ta ƙetara, har matan da ba su saba zuwa ba. Sanyin safiya na ratsa zane, laka na kama ƙafa tana sakinta da ƙara. Babana ya ja igiya, ya kafa turaku, ya yanka gonaki, kuma na rantse muku rabo ne mai kyau, ko maƙiyinsa bai sami abin cewa ba. Amma kan tsibirin, inda kogi ke fara zube lakarsa mafi kauri, igiya ba ta je can ba. Ya bar wurin fili guda, ba turke ko ɗaya.

Wani dattijo ya tambaya na wane ne. Babana ya ce na mai bulo ne. Ya ce a ofis an gaya masa tsibirin ƙasar hukuma ce, mu ba mu da ko shaidar zama a kai, da niyyarsu a ba attajirin duka. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka tsaya a kan a ba shi kan tsibirin kaɗai, da sharaɗin a sami mutum ɗaya tsayayye da za a riƙa magana da shi, ba sabon gwamna kowace shekara ba.

"Mutum ɗayan kuma kai ne," in ji kakata daga bayan taro, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ni suka sani, Inna."

"Halas, shi ke nan. Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski."

Aka zaɓi gonaki. Babana ya jira kowa ya gama, ya ɗauki ragowar, wani zirin yashi can wutsiyar tsibiri da ko kankana sai da lallashi. Masu kare shi suka ce kun gani, ga shi ya bi doka. Masu zarginsa suka ce wanda aka biya a Khartum me zai yi da laka. Ni ina tsakiya, kowane ɓangare ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya.

Tsibirin ya zauna a hannunmu shekaru masu dama bayan nan, da albasarsa aka yi mini kayan ɗaki. Amma hayaƙin bulo bai ƙara ɗaukewa daga kansa ba, ramin da suke haƙar laka kuma kowace shekara sai ya matso. Ba a sake zaɓen gwamna ba, babana ne ya ci gaba da riƙewa. Gidanmu bai yi arziki ba, na sa ido sosai, sai dai kuma ba mu ƙara kwana da yunwa ba ko a shekarar da gonar yashi ta ƙi. Kakata ba ta ƙara cin abin da ya fito daga gonar ɗanta ba. Duk girbi zai ajiye mata ɗaurin farko a ƙofar ɗaki, ita kuma ta aika wa maƙwabta, haka suka yi har ta koma ga Allah.

Yanzu ba tsibirin, ramuka suka cinye shi, kogi ya kwashe saura. Shugabannin unguwa kuwa daga sama ake turo su, ba mai tambayar wa ya ɗinka musu riga, ba kuma wanda ke jiran ragowa. Da babana ya tsufa na ɗauko shi nan wurina. Wata la'asar yana kan gadon igiya ina zuba masa shayi, na ga daga ni sai shi, na yi tambayar da na riƙe tun ina yarinya. Na ce, Baba, tsibirin nan, fansarsa ka yi ko sayar da shi ka yi?

Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ni da idanun da suka fara yin fari.

"Ke ma?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma ƙara ba har ya bar duniya. Na yi kuka a ranar, don ina son ubana fiye da yadda zan iya gaya muku. Amma ni jikar tsohuwar nan ce, ina kukan ina lura da cewa bai ce a'a ba.